Mayafin Gwaggo a Tukunyar Tururi

Masu turo min saƙo kuna tambayar yadda aka ƙare da zancen kek, ku yafe ni. Ba jan rai nake yi ba. Kun dai san halina, sai na juya magana a ciki ta yi laushi kafin ta iya fitowa. Wanda kuma yau ya fara karanta ni, ga inda muke.

A gida Shiru ake ce min. Gwaggo, yayar Abbanmu, ita ta laƙaba min tun ina ƙarama, don ko an taka min ƙafa sai dai in janye ƙafar in ba da haƙuri. Yanzu ina digiri na biyu, ina aiki a ɗakin gwaji ƙarƙashin wata farfesa, muna haɗa wani irin soso mai kamo ƙwayoyin cuta daga cikin ruwa. Akwai kuma mai nemana. Umma tana ce masa Injiniya, tana jan sunan kamar mai lasar zuma. Ni da Yaya muna ce masa Barka-da-Hutawa, domin duk saƙonsa da haka yake farawa. Ko tun safe nake tsaye, bayana kamar zai ɓalle, ina fitowa in buɗe waya zan tarar: “Barka da hutawa, ranki ya daɗe.”

Ina son sa. Na rubuta wannan na goge, na sake rubutawa. To, ga shi nan kun gani.

Da mahaifiyarsa ta yi rashin lafiya, na gasa kek muka je gaishe ta ni da Yaya. Hajiya ta karɓe mu hannu bibbiyu, har ta ɗora tafinta a kan nawa tana sa min albarka. Ni kuma na kalli agogon bango, bakina ya suɓuce da irin maganar da muke yi a wurin aiki.

“Hajiya, zan koma in ciyar da ƙwayoyina kada su mutu.”

“Kiwo kike yi, 'yata? Kaji ne?”

“A'a, ƙwayoyin cuta ne.”

A hankali ta zare hannunta daga nawa, ta tura shi cikin mayafi. Washegari yayar Injiniya ta dawo da kek ɗin ko gutsura ba a yi ba, farantin yana ƙamshin sinadarin wanke banɗaki. Ta zo da saƙo kuma: Hajiya ba ta ga aibun yarinya ba, amma hannun da ke kiwon cuta ba zai dafa wa ɗanta abinci ba. In bar aikin, sai manya su zo.

Tun daga ranar gidanmu ya koma kotu. Umma takan same ni a ɗaki tana ninke kayan da an riga an ninke.

“Shiru, aikin nan fa ba da shi aka haife ki ba. Ga koyarwa, ga ofis mai fanka. Yaro mai natsuwa, ya san darajar mutane, sai ki bari ya wuce saboda abin da ko gani ba a yi?”

Abba ya sauke jaridarsa daga falo ya ce, “A bar ta ta yi magana da bakinta mana.”

“Wane bakin?” in ji Umma.

Yaya ta tuntsire da dariya. Ni ma na so in yi, sai na ji hawaye ne ke tahowa. Shi kuwa Injiniya bai ce in bari ba, bai ce kar in bari ba. Sai “Barka da hutawa, kin ci abinci?” Wannan shirun nasa ya fi maganar kowa yi min nauyi, ni da ake wa laƙabi da shiru.

Gwaggo ce ta yanke. Ta zo gidan da yamma, ta ji ba'asi, ta ajiye kofin shayinta da ƙarfi.

“Duk kuna ta surutu a kan abin da ba wanda ya gani. Ni zan je in ga dodannin nan da idona. Ke, kira min yaron, shi zai kai ni. In abin ƙazanta ne, ni da kaina zan ja kunnenki ki fito.”

Na shaida wa Farfesa ina inda-inda. Gajeriyar mace ce mai tabarau a rataye da igiya, ba ta maimaita magana. Ta ce, “Kawo su. Marasa cutarwa za ki yi aiki da su. Amma dokar ɗakina dokar ɗakina ce, ko gwaggon wa ce.”

Ranar na sa baƙar abaya marar ado da ƙaramin hijabi mai shiga cikin riga. Gwaggo kuwa kamar za ta ɗaurin aure: leshi ruwan hoda, ɗaurin kai ya yi tsini, da wani sabon mayafi fari ƙal mai duwatsu a baki, wanda tun a mota ta sanar da mu daga ƙasar waje aka kawo mata. Injiniya yana tuƙi cikin riga ruwan toka, yana satar kallona ta madubi, ni ina kallon takalmana.

A bakin ƙofa na ce a ajiye jaka da waya a cikin akwatunan bango. Gwaggo ta harare ni, ta ajiye. Na miƙa mata farar riga, maɓallin tsakiya ya ƙi haɗuwa.

“Wannan ta 'yan yunwa ce,” ta ce. “Kai Injiniya, daina murmushi, kai ma kamar mai sayar da nama ka koma.”

Na ce ta tura mayafin cikin rigar. Ta tura rabi, ta bar gefen duwatsun a waje don kada kwalliya ta tafi a banza. Na gani, na kasa maimaitawa. Ku riƙe wannan.

Ban san me ke faruwa da ni ba idan na shiga ɗakin nan. Ƙarar firiza, sanyin tebur, ƙamshin sinadarin goge hannu, sai in ji harshena ya saki. Na ɗauko sirinji guda daga firiza, cikinsa daskararren farin abu.

“Da farko ruwa ne kawai da wani gari da muka narkar,” na ce. “Sai mu sa a firiza. Ƙanƙara tana girma a ciki, tana reshe kamar itace, tana ture garin gefe. Garin da aka matse a tsakanin rassan sai ya kama juna ya zama bango. Idan muka fito da shi ƙanƙarar ta narke, duk inda ta zauna sai ya zama rami. Ramukan kuma a haɗe suke, wannan ya buɗe cikin wancan, har ƙasa.”

Injiniya ya matso. “Tsaya. Kina nufin ƙanƙarar ce katakon? Mu ma sai mun kafa katako mu zuba siminti, ya bushe mu cire katakon, ɗaki ya fito.”

“Haka. Sai dai namu katakon da kansa yake tafiya.”

“Ikon Allah,” ya ce a hankali. “Gini ba lebura.”

Na ba shi wani da ya narke, fari, girman ɗan yatsa. Na ce ya matse. Ya matse da safar hannu har ya zama kamar takarda, ya dube ni a tsorace yana zaton ya ɓata min aiki. Na ce ya jefa cikin ruwa. Kafin ya ƙifta ido abin ya sha ruwa ya miƙe ya koma yadda yake. Gwaggo ta ce a sake. Aka sake. Ta ce a ba ta ita ma.

“Wannan ai soson wanka ne na masu kuɗi,” ta ce.

“A haka ba ya kama komai, Gwaggo. Komai wucewa yake. Sai mun yi wa bangon ramukan wanka da sinadari, mun dasa masa wasu ƙananan hannaye, kowane hannu yana riƙe da ɗigon jan ƙarfe.” Na ɗauko wanda aka gama. Shuɗi ne, irin shuɗin sama bayan an ɗauke ruwa. “Akwai ƙwayoyin da fatarsu ke manne wa jan ƙarfen nan. Akwai waɗanda ba ruwansu da shi, ko riƙonsu bai da ƙarfi. Da haka muke raba su.”

Na ɗaga kwalba mai ruwa fari-fari kamar na wankin shinkafa. Na gaya musu iri biyu ne a ciki a gauraye, kuma sun fi mutanen duk garuruwan da suka sani yawa. Gwaggo ta ja baya har ta taka Injiniya. Na zuba ruwan ta saman sirinjin shuɗin, ya ratsa, yana ɗiga ta ƙasa. Na bi shi da ruwan ɗauraya. Abin da ya fita na tara a gefe.

“Shi ke nan?” in ji Gwaggo. “Don wannan kike son rasa miji?”

Na ce Injiniya ya ja labule ya kashe fitila. Na ba su tabarau na kariya, na kunna ƙaramar fitilar gwaji a kan sirinjin.

Jama'a, na sha ganin abin nan, amma har yau sai tsigar jikina ta tashi. Iri ɗaya daga cikin biyun an sa masa wata baiwa da aka aro daga halittar teku, idan wannan fitila ta taɓa shi sai ya yi haske. A cikin duhun, soson ya kama ci da wani kore mai sanyi, tun daga sama har ƙasa, kowane lungu na ramukan a cike, kamar ka hango babban gari daga nesa kowa ya kunna fitilar ɗakinsa. Ruwan da ya wuce kuwa, da na haska shi, duhu ne kawai. Ɗaya irin yana ciki, amma korayen duk suna hannu.

“La'ilaha illallahu,” Gwaggo ta ce, muryarta ta koma ta yarinya. “Masu rai ne?”

“Suna raye.”

“Kuma duk wannan a cikin ruwan da na ce na shinkafa ne?”

Ina jin numfashin Injiniya kusa da kafaɗata. A duhun nan na ji ba kunyar kowa nake ji ba. Abin da Allah ya ɓoye a cikin ɗigon ruwa ya fi ƙarfin kunyata.

Da aka kunna fitila, na zuba wani ruwan gishiri na musamman mai sa hannayen su saki, na danna sirinjin a hankali, na saki, na sake dannawa. Korayen suka fito su kaɗai a kwalba mai tsabta. Na ɗiga ɗigo a gilashi na sa a madubin ƙara girma, hoton ya fito a allon kwamfuta: 'yan sanduna, wasu na juyi, wasu na iyo, wata ta tsuke a tsakiya tana shirin zama biyu.

Injiniya ya ce, “Me ya sa kike lallaɓa su haka? Ba kashe su ake so ba?”

“Matacciya ba ta ba da labari. Idan mutum yana kwance ba lafiya, likita yana son sanin wace ƙwaya ce, kuma wane magani take tsoro. A jiki ko a ruwa a cakuɗe suke da tarkace da wasu ƙwayoyin, sai an jira an raino su kafin a gane. Abin da muke nema, in Allah ya yarda, shi ne mu kamo mai laifin da ranta, da wuri. Ba mu kai ba tukuna. Amma muna hanya.”

Ya daɗe yana kallon allon. Sannan ya ce, ba tare da ya juyo ba, “Ina da ƙanwa. Mai bi na. Muna yara ta sha ruwa a hanyar tafiya, ciki ya ɓaci, zazzaɓi ya rufe ta. Aka yi ta canza magani ana jiran sakamako. Ranar da sakamakon ya fito mun riga mun dawo daga maƙabarta.” Ya juyo ya dube ni. “Tun ranar Hajiya ko ruwan alwala sai ta tafasa. Ba ke ta tsana ba.”

Duk fushin da na ƙulla a kan farantin nan ya warware ya bar ni da nauyi. Na juya don kada ya ga idona.

Juyawar da zan yi na hango Gwaggo. Ta lallaɓa wurin kwanon da na ajiye soson da muka gama aiki da shi, ta ɗauke shi da yatsu biyu, tana ƙulle shi a gefen mayafinta mai duwatsu, irin ƙullin da tsofaffi ke yi wa canji.

“Gwaggo! Ajiye!”

Wallahi ban san muryar a jikina take ba. Har gilasan kan kanta sai da suka amsa. Gwaggo ta daskare, baki buɗe.

“Kar ki motsa. Kar ki taɓa fuskarki. Ɗaga hannuwanki sama.”

“Ke Shiru, ni kike wa tsawa? Hajiyar zan kai wa ta ga ikon Allah!”

“Ko tsinke ba ya fita ɗakin nan sai ya bi ta wuta. Injiniya, matsa baya.”

Ya matsa, har da ɗaga nasa hannuwan shi ma. Na sa sabuwar safa, na kwance ƙullin, na jefa soson a jakar shara ta musamman. Na zare mata safar hannu ta baibai, na fesa wa rigarta sinadari, na tsaya a kanta ta wanke hannu har gwiwa, tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce. Sannan na miƙa hannu.

“Mayafin.”

“Wane mayafin? Kin ce marasa cutarwa ne!”

“Marasa cutarwa ne. Amma ranar da na yi wa marar cutarwa sassauci, hannuna zai saba, ya yi wa mai cutarwa. Mayafin, Gwaggo.”

Farfesa ta leƙo daga ofishinta, ta dube mu ta saman tabarau, ta koma ciki.

Haka sabon mayafin Gwaggo ya shiga tukunyar tururi, wadda muke dafa duk abin da ya taɓa ƙwaya. Muka zauna a baranda muna jira, ita sanye da tsohon gyalena na ajiya, ta juya min ƙeya. Da ya fito, ya tsuke ya koma kamar na 'yar firamare, duwatsun sun zube, farin ya zama ruwan ƙasa.

A wurin na dubi Injiniya na faɗi abin da na kasa faɗa wa Umma.

“Ba zan bar aikin nan ba. Ina son ka, amma ba zan bari ba.”

Gwaggo ta ce, “Oho, yau bakin ya buɗe gaba ɗaya.”

Injiniya ya miƙe ya nufi mota. Ya kai mu gida, ya gaida Umma a tsaye, ya tafi. Gwaggo ta ƙi shiga, ta ce ya sauke ta a hanya, mayafin a ƙunshe cikin leda.

Na shiga ɗaki na kwanta da abayata. Na san na rasa shi, na kuma ja wa kaina fushin Gwaggo. Umma ta leƙo ta ga fuskata, ta ja ƙofa a hankali. Bayan la'asar wayata ta yi ƙara. Na ƙi dubawa, sai da Yaya ta ɗauka ta ce, “Ke, mutumin naki ya yi kuskuren rubutu.”

Na karɓa.

“Barka da aiki, ranki ya daɗe.”

Na karanta har harufan suka fara iyo. Ga alamar yana rubutu, ta tsaya, ta dawo.

“Gwaggo ba ta sauka a hanya ba. Tana falonmu. Ta shimfiɗa mayafin a gaban Hajiya tana cewa, wadda ta dafa mayafin gwaggonta saboda ƙwayar da ba ta cizo, ita ce za ta kawo miki cuta gida? Ta ce kin fi Hajiya tsabta, kuma kin fi ta masifa.”

Yaya ta faɗi kan gado tana dariya. Sai ga wani saƙon, na murya, daga lambar da ban sani ba. Na kara a kunne.

Muryar Hajiya ce, a dishe. Ta yi sallama.

“'Yata. Ban ce na janye maganata ba, kar ki ji an ce. Amma yaron nan ya ce kina kama su da ransu, har ana ganinsu.” Ta ja numfashi. “Abin da ya ɗauke min yarinya, shekara da shekaru ina tafasa ruwa saboda shi, ban taɓa ganin fuskarsa ba. Ina so ki nuna min.”

Daga bayanta na jiyo Gwaggo tana ɗaga murya: “Ki dai sa tsohon mayafi, Hajiya!”

Ban yi dariya ba sai daga baya. Na zauna a bakin gado da wayar a cinya, ina tunanin yadda zan gaya mata gaskiya: wanda zan nuna mata ba shi ba ne, ɗan'uwansa ne marar cutarwa, kuma soson da zai kamo na ainihin da wuri har yanzu muna kan gininsa. Ban sani ba ko za ta iya tsayawa a duhun nan, ko tana ganin koren za ta juya ta fita, ta fita da ɗanta.

Umma ta shigo ta tsaya a kaina. “Me aka ce?”

“Hajiya za ta zo wurin aikina.”

Ta dafe ƙirji. “Ke kuma me za ki ce mata?”

“Zan yi magana, Umma.”

Da safe na riga kowa isa. Na narkar da garin, na zuba a sababbin sirinji. Na jera su a firiza na rufe. Yanzu haka da nake rubuta muku, ƙanƙara tana can ciki tana gina wa Hajiya ɗakuna.